Yadda Haske da Rediyo Ke Ratsa Sararin da Babu Iska: Jagorar Gwaji Mataki-Mataki

Tsakaninmu da rana akwai tazarar kusan kilomita miliyan 150, kuma in ka cire 'yar iskar da ta lulluɓe duniya, kusan duk wannan tazara fanko ce. Babu iska, babu ruwa, babu waya. Duk da haka zafin rana yana isowa har ya busar da shanya, hasken kuma ya shiga farantin sola ya kunna fanka. To me ya ɗauko shi? Wannan tambaya tana tsayar da ɗalibai da yawa, domin an saba gaya musu cewa haske igiya ce irin igiyar ruwa, su kuma sun san igiyar ruwa ba ta tashi sai da ruwa. Tambayarsu tana kan hanya, kuma manyan masana sun shafe shekaru masu yawa suna fama da ita.

Na tsara wannan jagora don malami, ko ɗalibi, ko uban da ke son nuna wa 'ya'yansa abin da idonsu. A ganina haddace jimlar "haske ba ya bukatar abin da zai bi" ba ta da amfani matuƙar mutum bai taɓa hujjar da hannunsa ba. Kayan da za ka nema: fulas ɗin shayi, kamfas irin na neman alƙibla, batir, wayar jan ƙarfe kamar kamu biyu, maganaɗisun tsohuwar lasifika, rediyo mai kama AM, igiyar guga, rimot ɗin talabijin da wayar salula. In akwai na'urar ɗumama abinci ta maikurowef a gidan, da ita za mu auna gudun haske. In na ce "igiya" a nan, ina nufin irin ta igiyar ruwa, wato kaɗawar da ke tafiya daga wuri zuwa wuri.

Mataki na 1: Raba sauti da haske

Jira damina. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku daidai take da kusan kilomita ɗaya, domin sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska. Hasken kuwa ya iso tun kafin ka ƙifta ido.

Bambancin bai tsaya ga gudu ba. Sauti turereniya ce: ƙwayar iska ta ture ta gabanta, ita ma ta ture ta gaba, har a kai ga dodon kunne. In babu ƙwayoyin, babu mai ture wani. Robert Boyle ya nuna haka a Ingila wajen shekarar 1660, lokacin da ya rataya agogo cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar ciki da famfo. Ƙarar agogon ta dusashe, amma ana ci gaba da ganin agogon sarai ta cikin gilashin. Ka tsaya a kan wannan gaɓa in kana koyarwa, domin yara sukan lura da ɓacewar ƙarar su manta da rabi na biyu. Ganin agogon yana nufin haske ya shiga fankon, ya daki agogon, ya fito.

Mataki na 2: Leƙa cikin fulas

Wannan hujja tana kusan kowane gida. Buɗe fulas mai ƙwan gilashi ka leƙa ciki: yana sheƙi kamar madubi. Ƙwan nan bango biyu ne, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu don kada zafi ya bi iska ya tsere. James Dewar ne ya ƙirƙiro irin wannan tulu a 1892. Tambayar da za ka jefa wa ɗalibai ita ce: tun da an cire iskar, me ya sa aka wahala da shafa masa madubi?

Amsar ita ce zafin shayi yana da wata hanyar fita da ba ta bukatar iska. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai zango (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba) da ya fi na jan haske tsawo. William Herschel ya gano shi a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launi na hasken rana da aka warwatsa da gilashi, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Wannan haske yana tsallake fankon fulas ba tare da wata matsala ba, shi ya sa ake sa madubi ya mayar da shi ciki.

Kana iya ganin ɗan'uwansa. Kunna kyamarar waya, nuna mata bakin rimot, danna kowane maɓalli. Za ka ga ɗan haske fari-fari ko mai ruwan shanshanbale yana ƙiftawa a allon, alhali idonka bai ga komai ba. Wasu wayoyin suna tace shi a kyamarar baya, sai ka gwada ta gaba.

Mataki na 3: Taɓa fili da hannunka

A nan ne ginshiƙin maganar yake, kada ka yi gaggawa.

Ajiye kamfas a tebur ya natsu. Kawo maganaɗisun lasifika kusa da shi ba tare da ka taɓa shi ba. Allurar za ta juya. Saka takarda a tsakani, ko faranti na roba, ko tafin hannunka: za ta juya dai. Ba iska ce ta tura ta ba. Akwai wani yanayi a sararin da ke kewaye da maganaɗisun, mai ƙarfi a kusa, mai rauni a nesa, kuma a kowane gurbi yana da inda ya fuskanta. Shi ake kira fili na maganaɗisu. Haka kuma in ka goga biro na roba a gashin kai ya ɗauki gutsattsarin takarda daga nesa, fili na lantarki ne ya yi aikin. Duka biyun suna nan daram ko da an zuƙe iskar ɗakin gaba ɗaya.

Yanzu kawar da maganaɗisun can nesa. Shimfiɗa wayar jan ƙarfe a kan kamfas, ta bi tsawon allurar. Haɗa bakinta ɗaya da batir mai volt 1.5, sannan ka taɓa ɗaya bakin na daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai ka sake. Kada ka riƙe, domin wayar da batirin suna zafi da sauri. Allurar za ta fizge gefe. Juya batirin ka sake taɓawa, za ta fizge ɗaya gefen. Abin da Hans Christian Ørsted ya gani ke nan a Kofanhagan a 1820: lantarki mai gudana yana haifar da fili na maganaɗisu.

Michael Faraday ya gano kishiyar haka a Landan a 1831. In ka tura maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki yana gudana a wayar, amma sai lokacin da maganaɗisun ke motsi. Da ya tsaya cik, lantarkin ya tsaya. Janareta da injinan madatsar Kainji duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki. Kalmar da nake so ka ja layi a ƙarƙashinta ita ce canji. Filin maganaɗisu da ke canzawa ne ke zuwa da filin lantarki, wanda ke zaune wuri ɗaya ba ya yin haka.

Mataki na 4: Haɗa biyun kamar yadda Maxwell ya yi

James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya tattara waɗannan ƙa'idoji cikin lissafi a farkon shekarun 1860, ya kuma ƙara wani abu da ba a gwada ba tukuna: filin lantarki da ke canzawa shi ma yana zuwa da filin maganaɗisu, ko da babu waya a wurin. Da ka sa ƙa'idojin biyu gefe da gefe, sai hanya ta buɗe. Girgiza lantarki a cikin waya, filin lantarkin da ke kusa ya canza. Canjin nan yana tare da filin maganaɗisu mai canzawa, wanda shi ma yana tare da filin lantarki mai canzawa a ɗan gaba kaɗan. Haka kaɗawar ke miƙawa, ta rabu da wayar da ta haife ta, ta ci gaba da tafiya ko da an kashe na'urar.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda Maxwell ya sami gudun wannan igiya. Bai auna haske ba. Ya ɗauki alkaluma biyu da aka samo daga gwajin lantarki da maganaɗisu a kan tebur, ya haɗa su, sai ga amsa kusan kilomita 310,000 a daƙiƙa, dab da gudun haske da Hippolyte Fizeau ya auna a Faransa a 1849. Daga nan ya yanke cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce.

Don ka nuna siffar igiyar, ɗaure igiyar guga a ginshiƙi, ka riƙe ɗaya bakin ka kaɗa sama da ƙasa. Tudun yana gudu zuwa ginshiƙin, amma zaren kansa sama da ƙasa kawai yake yi. Haka filin lantarki yake kaɗawa a gicciye da hanyar tafiya. Filin maganaɗisu kuma yana kaɗawa a gicciye da su duka biyun: in igiyar ta nufi gabas kuma lantarkin yana sama da ƙasa, maganaɗisun yana kudu da arewa.

Sai dai ka yi hattara da wannan misali, domin yana da iyaka biyu. Ta farko, a sararin samaniya babu wani zare da ke hawa da sauka. Abin da ke hawa da sauka shi ne ƙarfin filin a kowane gurbi. Da za ka ajiye ƙwayar lantarki a gurbin, za ta ji ana ja mata sama, sannan ƙasa, sannan sama. In babu ƙwayar, filin yana nan yana canzawa, babu dai mai jin sa. Ta biyu, mutane sukan zana abin kamar filayen suna karɓa-karɓa, wannan ya tashi bayan wancan ya faɗi. A igiyar da ta yi nisa da tushenta, tare suke kai ƙololuwa, tare suke saukowa.

Shi kansa Maxwell da mutanen zamaninsa sun ɗauka dole akwai wani siririn abu da ya cika sarari, wanda suka kira "ether" da Turanci, wato abin da haske ke kaɗawa a ciki. Albert Michelson da Edward Morley sun neme shi a Kilibilan ta Amurka a 1887. Hujjarsu ita ce in duniya tana kutsawa cikin wannan abu, gudun haske zai ɗan bambanta gwargwadon inda aka nufa da shi, kamar mai iyo da ke bin ruwa da mai sabawa ruwa. Ba su sami bambancin da suka zata ba. A 1905 Albert Einstein ya gina nazarinsa ba tare da wannan abu ba sam, kuma lissafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Ga wata hujja mai sauƙin riƙewa. Sauti ya fi gudu a ruwa, kusan mita 1,480 a daƙiƙa, ya kuma fi haka a ƙarfe, domin abin da yake bi ne ke ɗauke da shi. Haske akasin haka yake: kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a gilashi, kusan 225,000 a ruwa, sannan mita 299,792,458 a daƙiƙa a fanko. Abin da ya fi gudu inda babu komai, ba wani abu ne ke ɗauke da shi ba.

Mataki na 5: Aika igiyarka ta farko

Heinrich Hertz ne ya fara ƙera waɗannan igiyoyi da gangan, a Karlsruhe ta Jamus, tsakanin 1887 da 1888. Ya sa tartsatsin lantarki ya tsallaka wani ɗan giɓi, sai ƙaramin tartsatsi ya bayyana a wani zoben waya da ke can gefe, babu abin da ya haɗa su.

Kai ma kana iya yin ƙaramin irinsa. Kunna rediyo a zangon AM, ka kai allurar inda babu tasha sai shuu. Ɗauki batir da guntun waya, riƙe baki ɗaya a jikin batirin, ka riƙa ɗan karta ɗaya bakin a ɗaya kan batirin, kusa da rediyon sosai. Za ka ji ƙaras-ƙaras a lasifika daidai da kowace kartawa. Matsa baya kaɗan-kaɗan ka lura da inda ƙarar ta ɓace. A wannan ɗan kusanci filin da ke jikin wayar ne ya fi tasiri, don haka in kana son shaidar igiyar da ta yi tafiya mai nisa, bar rediyon a kunne lokacin hadari. Duk walƙiyar da ka gani, a daidai lokacin za ka ji ta a rediyo, tsawar kuma sai daga baya. Hasken da igiyar rediyon tare suka taso, tare suka iso, domin jinsinsu ɗaya.

Sannan saka ƙaramar rediyo tana magana cikin tukunyar alminiyam ka rufe da murfin da ya zauna sosai. Tashar za ta dusashe ko ta ɓace. Fanko bai tare igiyar ba, amma ƙarfe ya tare ta, saboda ƙwayoyin lantarkin da ke yawo a jikinsa suna motsawa su mayar da ita.

Mataki na 6: Lissafin da masu sauraron rediyo suka daɗe da sani

Duk wanda ya tashi da sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya san ana cewa "a kan mita 16" ko "mita 25" a gajeren zango. Wannan mita tsawon zangon igiyar ce, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba. Ƙa'idar ɗaya ce: tsawon zango sau yawan kaɗawa a daƙiƙa daidai yake da gudun haske. A sauƙaƙe, raba 300 da adadin megahertz (megahertz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa), ka sami mita.

Gwada da kanka. Megahertz 12 ya ba da mita 25. Tashar FM da ke kan 100 tana da zangon mita 3. Wayar salula a kan megahertz 900 tana da kusan santimita 33. Hasken da ido ke gani kuwa zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Rediyo, maikurowef, zafin da Herschel ya gano, haske, da hoton ƙashi na asibiti duk abu ɗaya ne, tsawon zango ne ya raba su, kuma a fanko gudunsu ɗaya.

Gajeren zango yana kai wa nesa ne saboda wani ɓangare na saman iskar duniya, mai cike da ƙwayoyin lantarki, yana lanƙwaso shi ƙasa. Igiyar FM galibi takan huda wannan rufi ta wuce, shi ya sa tashar FM ke ɓacewa in ka yi nisa da gari.

Mataki na 7: Auna gudun haske a kicin

Duba bayan na'urar maikurowef ko takardarta, yawanci za ka ga an rubuta megahertz 2450. Cire farantin da ke juyawa da abin da ke juya shi, domin muna son abincin ya tsaya wuri ɗaya. Shafa bota da kauri ɗaya a kan yankan burodi da ka jera a faranti marar ƙarfe, ko ka shimfiɗa faffaɗan cakulan. Ajiye ƙaramin kofin ruwa a kusurwa don kare na'urar. Kunna na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka tsayar da zarar wasu wurare sun fara narkewa. Kada ka sa cokali ko wani ƙarfe a ciki, kuma yaro kada ya yi shi kaɗai.

Za ka ga tabo-tabo da suka narke, tsakaninsu kuma bai narke ba. Igiyar tana kai da komo tsakanin bangayen ƙarfe, sai ta yi wuraren da kaɗawa ta yi ƙarfi da wuraren da ta mutu. Auna daga tsakiyar tabo ɗaya zuwa tsakiyar na kusa da shi. Za ka sami wajen santimita 6. Wannan rabin zango ne, sai ka ninka shi biyu. In ka sami 6.1, zangon ya zama mita 0.122. Ninka da 2,450,000,000, amsa ta fito kusan mita miliyan 299 a daƙiƙa. Tabon ba ya fita da kyau kowane lokaci, don haka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. A cikin iska ka auna, amma iska ba ta rage wa haske gudu sai da kusan kashi uku cikin dubu goma, abin da rula ba za ta nuna ba.

Mataki na 8: Lissafa jinkiri da raunin nesa

Tun da gudun yana da iyaka, duk abin da ka gani a sama labarin baya ne. Ole Rømer ya fara nuna haka a Faris a 1676, da ya lura cewa kusufin Io, ɗaya daga watannin duniyar Mushtari (Jupiter), yana makara in duniya ta yi nisa da Mushtari. Ba ɗalibai waɗannan tazarori su raba da 300,000, wato kusan kilomitocin da haske ke tafiya a daƙiƙa. Wata yana kusan kilomita 384,400, amsa daƙiƙa 1.3. Rana, kusan minti 8 da daƙiƙa 20. Tauraron ɗan'adam da dish ɗin gida ke kallo yana kilomita 35,786 a saman layin ikwaita da ya raba duniya biyu, kamar NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamban 2011. Hawa da sauka kusan rubu'in daƙiƙa ne, tambaya da amsa kuma kusan rabin daƙiƙa, wanda yana cikin dalilan da ke sa wakilin talabijin ya ɗan yi shiru kafin ya amsa.

Fanko ba ya cinye igiya, amma tana bazuwa. Haska tocila a bango daga taku ɗaya, sannan daga taku biyu: da'irar ta faɗaɗa, hasken ya dusashe. In nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke sauka a kan tafin hannu ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka goma, ɗaya cikin ɗari. Aikin dish shi ne tattara wannan bazazzen ƙarfi ya tara shi a kan ɗan kan da ke gabansa. Ka kuma lura da abin da ke faruwa da damina: siginar ta ratso dubban kilomitoci na fanko lafiya lau, sai 'yan kilomitocin ƙarshe na ruwan sama su ɗauke hoton.

Lissafin ƙarshe da za ka ba su shi ne na kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977. Ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, kuma na'urar aika saƙonsa ba ta wuce wat 23 ba, kwatankwacin ƙaramin ƙwan fitila. Ana kama saƙon da manyan dish masu faɗin mita 70 a Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera. Su raba biliyan 24 da 300,000, sannan su raba amsar da 3,600 don ta koma awoyi. Za su sami awa 22 da 'yan mintoci, zuwa kawai, ban da dawowar amsa.